Katin Awon Hali: Hanyoyin Bibiyar Ɗabi'un Yara da Alƙaluma a Sabon Birni da Isa

Ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, waɗanda ta farko ke iyaka da Jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, ta biyu kuma take maƙwabtaka da Shinkafi ta Jihar Zamfara, suna cikin yankunan Jihar Sakkwato da rikicin 'yan bindiga ya fi daɗewa yana ci. Nan ne tsohuwar ƙasar Gobir, inda kufan Alƙalawa, birnin da ya faɗi a 1808, yake har yau, kuma nan ne aka yi wasu daga cikin munanan aika-aikar shekarun nan. A watan Mayun 2020 an kashe fiye da mutum 70 a wasu ƙauyukan Sabon Birni, a watan Disamban 2021 an ƙone matafiya sama da 20 cikin mota kusa da Gidan Bawa, sannan a watan Agustan 2024 aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, bayan ya shafe makonni a hannun waɗanda suka sace shi. Tun daga 2019 dubban iyalai suka riƙa tsallaka iyaka zuwa yankin Gidan Runji, inda daga baya Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta mayar da wasunsu garuruwa irin su Garin Kaka da Cadakori, nesa da bakin iyaka.

Mamata da waɗanda aka sace da waɗanda suka bar gidajensu duk ana ƙidaya su, ko da ƙidayar ba ta cika ba, domin abubuwa ne da ido ke gani. Abin da ya fi wuyar shiga lissafi shi ne halin da yaran da suka tsira ke ciki, alhali yaron da aka haifa a shekarar da aka fara gudun hijira ya riga ya kai shekarun shiga makaranta ba tare da ya ga damina ɗaya ta kwanciyar hankali ba. Ilimin halayyar ɗan Adam yana da hanyoyi na alƙaluma da aka gina domin irin wannan tambaya, kuma mafi amfaninsu su ne waɗanda ke bin yaro ɗaya shekara da shekaru, suna auna shi da ma'auni ɗaya, har a ga inda halinsa ya dosa.

Abin da ake nufi da auna hali

Idan masana suka ambaci yadda ɗabi'ar yaro ke gudana, suna nufin abubuwan da ake iya lura da su a rayuwarsa ta yau da kullum, wato barcinsa da cin abincinsa, da natsuwarsa a gaban allo ko littafi, da zamansa da tsaransa, da yadda yake danne fushi, da yadda yake cika aike idan an aike shi. Tun daga aikin Thomas Achenbach na Amurka a 1966 aka saba raba matsalolin yara gida biyu. Gida na farko shi ne matsalolin da ke komawa ciki, irin su tsoro da firgita da zurfin ciki da janye jiki daga mutane, na biyu kuma shi ne waɗanda ke fitowa waje, irin su faɗa da taurin kai da ƙarya da ɗauke-ɗauke. Wannan rabo yana da muhimmanci ƙwarai, domin yaro mai ƙiriniya kowa yana ganinsa, amma yarinyar da ta daina magana tun daren da aka tashi garinsu sau da yawa yabo take samu, a ce ta yi hankali.

Hanyar da ake mayar da hali alƙalami ba ta da sarƙaƙiya a asalinta. Ana tsara jerin jimloli da ke siffanta ɗabi'u, a karanta wa wanda ya san yaron, shi kuma ya faɗi ko siffar ba ta dace da yaron ba, ko ta ɗan dace, ko ta dace sosai, sai a ba amsoshin maki 0 da 1 da 2 a tara. Ma'aunin da Achenbach ya tsara, wanda aka fi sani da CBCL, yana da jimloli sama da 100, shi kuwa wanda likitan ƙwaƙwalwar yara Robert Goodman ya fitar a Ingila a 1997, mai suna SDQ, jimloli 25 ne kacal, an raba su rukuni biyar: damuwar zuciya, da rashin ji, da rashin natsuwa, da matsala da tsara, da kyautata wa mutane. Makin rukunoni huɗu na farko ake haɗawa ya ba da jimillar da ke tsakanin 0 da 40, na biyar kuma a ajiye shi daban, domin shi ƙarfin yaro yake aunawa. Akwai kuma gajeren ma'auni mai suna CRIES, mai tambayoyi 8 ko 13, wanda aka tsara domin yaran da suka ga tashin hankali, yana tambaya a kan tunanin da ke faɗo wa yaro ba da sonsa ba da kuma gudun duk abin da zai tuna masa da abin da ya faru.

Darasin katin awo

Duk uwar da ta taɓa kai jariri awo a asibitin sha-ka-tafi ta san ginshiƙin wannan ilimi, ko da ba ta san sunansa ba. Ma'aikaciyar lafiya takan sa yaron cikin ɗan wandon sikeli ta rataye, ta jira allurar ta tsaya, sannan ta ɗiga alama a kan katin, daidai inda watan yaron ya haɗu da nauyinsa. Ɗigo ɗaya ba ya faɗin komai mai yawa, domin wani yaron ƙaramin jiki gare shi tun asali, amma idan aka haɗa ɗigon wannan wata da na watannin baya aka ga layin ya kwanta ko ya fara gangarowa, to an gane tamowa tun kafin ta bayyana a fuska. Wannan kati a Najeriya aka ƙirƙiro shi, daga aikin da likitan yara David Morley ya yi a Imesi-Ile da Ilesha ta ƙasar Yarabawa a ƙarshen shekarun 1950 da farkon na 1960, kafin ya bazu a duniya. Binciken bibiya, wato auna mutane ɗaya sau da yawa a tsawon lokaci, shi ne yi wa hali abin da katin ya yi wa nauyi.

Kishiyarsa shi ne binciken karo ɗaya, wanda ake zagaya gidaje a yi tambayoyi sau ɗaya a tafi. Babban misalinsa a Najeriya shi ne binciken MICS da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke gudanarwa tare da UNICEF, wanda na 2021 ya ƙunshi tambayoyi a kan natsuwar yara da damuwarsu da iya riƙe kansu. Irin wannan bincike yana da amfani wajen kwatanta jiha da jiha, sai dai an tsara shi ne domin ya ba da hoton jiha baki ɗaya, don haka ba zai iya bambanta Isa da cikin garin Sakkwato ba, kuma idan aka sake shi bayan shekaru wasu gidajen dabam ake shiga. Zai iya nuna cewa matsala ta yi yawa, amma ba zai iya nuna ko yaran da suka firgita bara su ne suka firgita bana ba.

Hausawa suna da karin magana biyu da ke jan juna a kan wannan batu, ɗaya na cewa hali zanen dutse ne, ɗaya kuma na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Binciken bibiya ya nuna cewa kowanne yana da rabonsa na gaskiya, kuma ya ba da hanyar auna rabon. A garin Dunedin na ƙasar New Zealand an bi yara 1,037 da aka haifa tsakanin 1972 da 1973, kuma sakamakon da Terrie Moffitt da abokan aikinta suka wallafa a 2011 ya nuna cewa iya riƙe kai da aka auna tsakanin shekara 3 da 11 yana hasashen lafiya da samu da shiga laifi a shekara 32. Wannan shi ne ɓangaren zanen dutse. A tsibirin Kauai kuwa, inda Emmy Werner ta bi yara 698 da aka haifa a 1955, kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka tashi cikin talauci da rikicin gida sun girma sun zama mutanen kirki masu riƙe kansu, galibi saboda samun wani babba da ya tsaya musu. A Afirka ma an yi irin wannan aiki, domin a Soweto da Johannesburg an ɗauki jarirai 3,273 da aka haifa a 1990 aka bi su har suka zama iyaye.

Awo biyu ba sa isa, domin ɗigo biyu miƙaƙƙen layi kawai suke bayarwa, alhali canjin hali yakan yi lanƙwasa. Daga awo uku zuwa sama ne ake iya amfani da lissafin da ke zana wa kowane yaro layinsa, a fitar da inda ya faro da saurin canjinsa, sannan a duba abin da ya bambanta masu saurin farfaɗowa da masu jinkiri. Wata hanyar, wadda Daniel Nagin ya shahara da ita, tana tattara layukan da suka yi kama da juna rukuni-rukuni, ta yadda za a ga waɗanda abin bai taɓa su sosai ba, da waɗanda suka jigata sannan suka warware, da waɗanda suka daɗe cikin matsala, da kuma waɗanda matsalarsu ba ta fito ba sai daga baya. Ga hukumar da kuɗinta ba su da yawa, sanin girman rukuni na uku da na huɗu ya fi mata amfani a kan sanin matsakaicin makin yaran gari duka.

Ma'auni da harshen mutanen gida

Ma'aunin da aka gina a Landan ko a Amurka ba ya zama na Gobir don kawai an fassara kalmominsa. Masana suna duba abu biyu a kowane ma'auni, wato amincinsa, ma'ana ko zai ba da sakamako makusanci idan aka maimaita shi bayan mako biyu ba tare da wani abu ya canza ba, da kuma ingancinsa, ma'ana ko abin da ake cewa yana aunawa shi yake aunawa. Ma'auni yana iya zama amintacce amma maras inganci, kamar sikelin da kullum yake ƙara kilo guda. Tambayar da ke neman a san ko yaro yana jin nauyin baƙi, alal misali, an sa ta ne domin gano tsoro, amma a gidan Bahaushe yaron da ya sunkuyar da kai a gaban babba, bai haɗa ido da shi ba, kunya da ladabi ya nuna, kuma uwa za ta amsa da alfahari. Dole mai bincike ya iya raba kunya da ƙyuya, ya raba kawaici da zurfin ciki, ya kuma san cewa abin da likita zai kira firgita wani gidan shafar iska zai kira shi, a nemi malami ya yi ruƙiyya.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce wadda Paul Bolton da Theresa Betancourt suka bi a sansanonin 'yan gudun hijira na arewacin Yuganda a tsakiyar shekarun 2000. Kafin su rubuta tambaya ko ɗaya sun zauna da yara da iyaye na ƙabilar Acholi suka nemi su lissafa matsalolin da suke gani da sunayensu na gida, suka samu sunaye biyar da alamomin kowanne, sannan daga waɗannan alamomi suka gina ma'auni, suka gwada ko yana iya bambanta yaran da jama'a suka ce suna da matsalar da waɗanda aka ce ba su da ita. A Sabon Birni da Isa irin wannan aiki zai fara ne da kalmomin da iyaye ke faɗa da bakinsu, irin su razana cikin barci, da fitsarin kwance bayan yaro ya daɗe da dainawa, da ƙin nisa da uwa, da wasan bindiga da karan dawa. Karin harshe ma abin lura ne, domin Hausar Gobir ta yamma ce, inda ake cewa ɗiya a wurin da Bakano zai ce 'ya ko 'ya'ya, kuma takardar da aka tsara da daidaitacciyar Hausa tana buƙatar mai karantawa ɗan ƙasa. Yaran rugage kuwa, waɗanda su ma rikicin ya ci iyayensu da dabbobinsu, suna buƙatar ma'auni da Fulatanci, kuma binciken da ya tsallake su ya bar wani yanki na gaskiyar a daji.

Yadda ake karɓar amsa shi ma sai an gyara shi. Inda yawancin masu amsawa ba su yi boko ba, masu bincike sukan ajiye kofuna uku a kan tabarma, ɗaya babu komai, ɗaya ruwa rabi, ɗaya cike, a karanta tambaya a hankali, uwar ta nuna kofin da ya dace da ɗanta. Haka nan iyakar makin da ake cewa daga nan matsala ta fara ba a ɗauko ta daga waje, domin a SDQ an yanke ta ne ta yadda kusan kashi 10 cikin 100 na yaran Birtaniya za su faɗa sama da ita, kuma babu dalilin ɗaukar cewa wannan layi zai dace da ƙauyen da ke biyan harajin 'yan bindiga kafin ya yi girbi.

A binciken bibiya akwai ƙarin sharaɗi, wanda ake kira ɗorewar ma'anar ma'auni. Duk wanda ke sayen gero a kasuwar ƙauye ya san cewa ba a kwatanta farashin wannan mako da na makon jiya sai an tabbatar tiyar ba ta canza ba. Haka tambaya take: kuka idan uwa ta fita abu ne na al'ada ga ɗan shekara 3, amma alama ce ga ɗan shekara 10, kuma binciken Richard Tremblay a Kanada ya nuna cewa duka da cizo sun fi yawa a wajen shekara 2 zuwa 3, daga nan suke raguwa da kansu ga yawancin yara. Saboda haka kafin a ce maki ya sauka ko ya hau, ana gwadawa da lissafi ko tambayoyin suna da nauyi iri ɗaya a kowace shekara, da tsakanin maza da mata, da tsakanin yaran Hausawa da na Fulani.

Wanda za a tambaya

A 1987 Achenbach da abokan aikinsa sun tattara bincike sama da 100 suka gano cewa, a ma'aunin dangantaka wanda 1 ke nufin cikakkiyar daidaituwa a kansa, daidaituwar amsar masu ba da bayani daban-daban, kamar uwa da malami, ba ta wuce 0.28 ba a matsakaici. Wannan ba ya nufin ɗayansu yana ƙarya, domin yaro yakan zama wani abu a gida ya zama wani a makaranta, kuma damuwar da ke cikin zuciya yaron ne ya fi kowa saninta. Shi ya sa ƙa'ida ita ce a tambayi mutum biyu ko uku a kan yaro ɗaya, a kuma tambayi yaron kansa idan ya kai shekara 11.

A ƙasar Gobir wannan ƙa'ida tana da wasu rassa. Uwa takan yi alkunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta kuma yabonsa ko nuna damuwa da shi a gaban baƙo, don haka amsarta za ta iya fitowa a taƙaice ko da ranta cike yake, kuma sau da yawa kaka ko gwaggon da ke riƙonsa ce ta fi sanin darensa. Inda makarantar boko ta rufe ko malamanta suka gudu, malamin allo ko na Islamiyya shi ne ke ganin yaron cikin tsaransa kowace rana. Sannan uwar da ita kanta ba ta barci tun da aka kashe mijinta takan ga matsalar ɗanta ta fi yadda take, ko kuma ta kasa ganinta sam, shi ya sa bincike mai kyau yake auna halin mai riƙon yaron tare da na yaron. Abin da ya fi komai ɓata lissafi shi ne a tambayi uwa bana, baɗi a tambayi kishiyarta, sannan a ɗauki bambancin amsarsu a matsayin canjin halin yaron.

Ramukan da lissafi ke faɗawa

Rami na farko shi ne abin da Francis Galton ya bayyana a 1886, wato komawa ga matsakaici. Idan aka zaɓi yara saboda makinsu ya yi tsanani a makon da suka iso gudun hijira, to awo na gaba zai nuna sauƙi ko da ba a yi musu komai ba, domin an kama su ne a ranarsu mafi muni. Ƙungiyar da ta buɗe wurin wasa ta ga maki ya sauka bayan wata uku ba ta da hujjar cewa aikinta ne ya jawo haka, sai idan akwai rukunin kwatanci, wato yara masu kama da su da ba su shiga shirin ba tukuna, kuma mafi kyau a ce ƙuri'a ce ta raba su.

Rami na biyu, wanda ya fi hatsari a wannan yanki, shi ne zubewar mahalarta. A ƙaddara an auna yara 400 a bana, baɗi aka samu 300, kuma matsakaicin makin ya nuna sauƙi. Idan 100 ɗin da aka rasa su ne waɗanda aka sake tashin garinsu, ko suka tsallaka Maraɗi, ko aka tura su almajiranci, ko aka aurar da su da wuri don a rage nauyi, to sauƙin da aka gani na bogi ne, domin waɗanda suka fi shan wuya ne suka fice daga lissafin. Masu binciken Dunedin sun samu kashi 94 cikin 100 na mahalartan da ke raye a shekara 45, kuma wannan ne ya ba sakamakonsu ƙarfi. A Gobir riƙe mahalarta yana nufin rubuta sunayen dangi a garuruwa daban-daban tun ranar farko, da haɗa kai da masu bincike a ɓangaren Nijar, da rashin dogaro da waya kaɗai, tun da an ga yadda aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato a watan Satumban 2021, ciki har da waɗannan biyu. Akwai dabarun lissafi na cike gurbin bayanan da suka ɓata, amma dukkansu sun dogara ne a kan sanin dalilin ɓatan, don haka rubuta inda kowane yaro ya tafi shi ma sakamako ne na binciken.

Rami na uku lokaci ne. Yaron da aka auna a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa, ba ɗaya yake da kansa ba a lokacin kaka, haka kuma gidan da maigida ya tafi ci-rani ba ɗaya yake da lokacin da yana nan ba, saboda haka kowane zagaye na awo ya kamata ya faɗo a wata ɗaya na shekara. Shekarun yaro ma sai an yi aiki kafin a tabbatar da su inda takardar haihuwa ta yi ƙaranci, kuma mafita ita ce kalandar abubuwan da gari ya sani, a tambayi uwa ko ta haihu kafin rufe layukan waya ko bayansa, da azumi ko da babbar salla. Domin rage tsawon jira kuwa, akwai tsarin da ake ɗaukar yara 'yan shekara 4 da 6 da 8 da 10 a lokaci ɗaya, a bi kowane rukuni shekara uku, sai layukansu su haɗu su ba da hoton girma daga shekara 4 zuwa 13, wanda tsari ne da ya dace da wurin da ba wanda zai iya alkawarin aikin shekara goma.

Rarrabe dalilai

Kuskure ne a jingina kowace matsalar yaro ga bindiga. A watan Maris na 2024 aka sanar da Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka wata baƙuwar cuta a Isa, wadda ta fi kama yara, mai kumbura ciki da zazzaɓi da rama, kuma zuwa watan Afrilu hukumar ta ƙidaya mutum 164 da ake zargin sun kamu, inda gwaje-gwajen farko suka sa aka karkata ga zargin gubar ƙarafa, ciki har da dalma. Maƙwabciya Zamfara ta riga ta ga bala'in gubar dalma a 2010, lokacin da yara sama da 400 suka mutu a yankunan Anka da Bukkuyum. Tun 1979 Herbert Needleman ya nuna a Amurka cewa gwargwadon yawan dalma a haƙoran yara, gwargwadon yadda malamansu ke siffanta su da rashin natsuwa. Don haka binciken hali a Isa da bai haɗa da gwajin jini da awon tsawo da nauyi ba zai iya ɗora wa tsoro laifin guba ko na yunwa.

Bibiya ce kuma ke nuna abin da ya riga wani, misali ko barin makaranta ne ke haifar da rashin ji ko rashin ji ne ke fitar da yaro daga makaranta, ta hanyar duba wanne ne a zagayen farko yake hasashen ɗayan a zagaye na gaba. Binciken da Betancourt ta fara a Saliyo a 2002, wanda ya bi yaran da yaƙi ya shafa har zuwa 2017, ya nuna cewa makomarsu ba ta tsaya a kan abin da suka gani a daji kaɗai ba, domin tsangwamar jama'a ta ƙara dagula su, karɓuwa a gida da gari da komawa makaranta kuma sun taimaka musu. Wannan darasi ya shafi duk yaro ko yarinyar da ta dawo daga hannun masu garkuwa a Gobir, domin abin da ya wuce ba ya canzuwa, amma tarbar da gari zai yi mata tana hannun mutanen garin.

Amana da abin da ya rage a yi

Takardar da ke ɗauke da sunayen yara da garuruwansu da abin da suka gani kaya ne mai hatsari a yankin da ake farautar masu ba da rahoto, don haka dole a raba suna da amsa, a sa lamba a madadinsa, a kuma kiyaye Dokar Kare Bayanai ta 2023. Yardar iyaye da ta yaron sai an nema da bayani a fili, ta hannun sarakuna da malamai da jama'a suka amince da su, musamman a Arewa inda ba a manta da gwajin maganin Trovan na Kano a 1996 ba. Ba ya halatta kuma a tono wa yaro ciwonsa sannan a naɗe tabarma a tafi, sai an tanadi inda za a tura wanda aka samu cikin mawuyacin hali.

Kayan aikin ba su yi nisa ba. Jihar Sakkwato tana da Jami'ar Usmanu Danfodiyo da asibitin koyarwarta, tana da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, a Nahuce ta ƙaramar hukumar Bunguɗu a Zamfara kuma an taɓa kafa cibiyar bibiyar lafiyar jama'a da ta riƙa zagaya gidajen mutum sama da 100,000 akai-akai, abin da ya tabbatar da cewa irin wannan aiki yana yiwuwa a karkarar Hausa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba hukumomi madogara. Abin da ya rage shi ne gwamnatin jiha da jami'a da masarautun Gobir su haɗa hannu su gina ma'auni da harshen mutanen yankin, su ɗauki rukunin yara ta hanyar ƙuri'a, su auna su a wata ɗaya kowace shekara, su kuma bi waɗanda suka tsallaka iyaka. Ko da zaman lafiya ya dawo gobe, yaran da suka tashi cikin wannan hali su ne za su riƙe gonaki da kasuwanni da makarantun Gobir nan da shekara 20, kuma awon farko da ba a ɗauka bana ba, babu lissafin da zai dawo da shi baɗi.